Motar Ta Tashi, Amma Injin Fa?

A watan Afrilu ne, tsakiyar bazara, na taso daga Kano zan je Azare. Na wuce Wudil da 'yar tazara sai na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi yana shigowa ta gaba. Na kai ido kan allurar zafi, na tarar ta haye ja. Abin da ya kamata shi ne in gangara gefen titi nan take in kashe mota. Ban yi haka ba. Na ce bari in lallaɓa in kai inda mutane suke, na ƙara tafiyar da ba ta kai minti biyar ba. Ko da na tsaya, tururi ne ke fita ta ƙarƙashin bonet kamar an buɗe madambaci. Wani bakanike na bakin hanya ya zo ya duba, ya ga tiyon sama na lagireto ya fashe. Ya samo wani ya ɗaura, muka jira inji ya huce, ya cika ruwa, na murɗa makulli, mota ta tashi.

"Shi ke nan, Alhaji, lafiyarta ƙalau. Allah ya kiyaye hanya."

Na sallame shi, kuma har yau ina gode masa, don shi ya fitar da ni daga rana. Sai dai kalmar nan tasa ta "lafiyarta ƙalau" ba shi da hujjar faɗinta, ni ma ba ni da hujjar yarda da ita. Injin da ya tafasa yakan tashi idan ya huce, har ya yi kwanaki yana aiki bai nuna komai ba. Akwai kuma irin garejin da kana shiga ka ce motarka ta yi zafi, kafin ka rufe baki an ce maka gasket ne, sai an kwance tof, wato kan inji, yara har sun fara ɗauko sufanu. Ni a ganina kuskurensu ɗaya ne da na mutumin bakin hanya, domin duk sun yanke hukunci ba su auna komai ba. Tsakanin "lafiyarta ƙalau" da "sai an kwance" akwai gwaje-gwaje da yawa, kuma mafi yawansu ba sa cin ko sisi.

Sai mutum ya san abin da zafi ke yi wa inji kafin ya san inda zai duba. Injin mota yana jin daɗin aiki ne tsakanin digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Salsiyas. Ruwa zalla kuwa yana tafasa a digiri 100. Abin da ke hana shi tafasa a cikin mota shi ne murfin lagireto, wanda ke danne shi da matsi. Lambar nan da ake bugawa a kan murfin, 0.9 ko 1.1, ita ce ƙarfin matsin da yake riƙewa, kuma da wannan matsin ruwa ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 120. Idan an gauraya shi da ruwan sanyaya inji mai launi, rabi da rabi, sai ya ƙara haurawa sama da haka. Da zarar tiyo ya fashe, matsin ya tafi, ruwan da ke cikin inji ya koma tururi a take, shi kuwa tururi ba ya kwashe zafi daga jikin ƙarfe yadda ruwa ke yi. Wuraren da suka fi shan wuta, wato kewayen bawul na fitar hayaƙi da siririyar katangar da ke tsakanin silinda da silinda, su ne ke fara gasuwa.

Kan inji, wanda kanikawa ke kira tof, a yawancin ƙananan motoci da alminiyam aka yi shi. Alminiyam kuwa idan ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. A motoci irin su Golf 3, da tsohuwar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, gangar jikin injin baƙin ƙarfe ce, kan kuma alminiyam. Kan yana son ya miƙe, notuna sun ɗaure shi tamau a kan abin da ba ya miƙewa daidai da shi, sai ya gantsare, ya murƙushe gasket ɗin da ke tsakani. Idan ya huce ba lallai ne ya koma yadda yake ba. Shi kuma gasket aiki uku yake yi a lokaci guda: ya tsare wutar da ke cikin silinda, ya tsare ruwa a hanyarsa, ya tsare baƙin mai a tasa. Inda ya ɓule, shi ke nuna irin alamar da za a gani, shi ya sa motoci biyu za su ƙone gasket amma ciwonsu ya fito daban.

Saboda haka tambayar farko ga direba ake yinta, kuma gara ya faɗi gaskiya. Minti nawa ya yi yana tafiya bayan allura ta hau ja? Shi ya kashe motar, ko ita ta mutu da kanta? Ya ji ƙarfinta ya ragu, ko ya ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani? Injin da aka kashe allura na taɓa ja, galibi yakan tsira. Wanda ya ci gaba har ya mutu da kansa, a ɗauka ya ji ciwo sai gwaji ya nuna akasin haka. Akwai wani abu da ke yaudarar direbobi a nan: wani lokaci allura takan hau ja, sannan ta sauko da kanta, mutum ya ce Alhamdu lillahi ta huce. Alhali ruwan ne ya ƙare, na'urar da ke auna zafin ta rasa ruwan da za ta auna. A wannan lokacin ne ɓarna ta fi yawa.

Na sha ganin direbobin haya a tasha suna fasa ledojin fiya wata a kan injin da ke tururi, ko su ɗura ruwan sanyi a lagireto nan take. Ƙarfen da ya yi zafi haka, idan aka sanyaya gefe ɗaya nasa farat ɗaya, yana iya tsagewa. Buɗe murfin lagireto da zafi kuwa ya saɓule fatar hannu da fuskar mutane da dama. A ɗaga bonet a jira, aƙalla rabin awa, in da hali fiye da haka.

Dubawar gaske da safe ake yinta, bayan mota ta kwana ba a tashe ta ba. A fara da sandar gwada baƙin mai. Idan man ya koma launin shayi da madara, ko ya haura alamar cika alhali ba a ƙara ba, ruwa ya shiga. Wanda ke son tabbatarwa sai ya sassauta notin juye mai a hankali, domin ruwa ya fi mai nauyi, idan yana ciki shi zai fara ɗigowa. Amma kada a tsaya nan, don kuskuren da aka fi yi ke nan. Mutum ya zaro sanda ya ga mai tas, ya ce gasket lafiya. Gasket yana iya ɓulewa tsakanin silinda da hanyar ruwa bai taɓa hanyar mai ba ko kaɗan, kuma irin wannan ɓulewar ta zama ruwan dare bayan tafasa. Haka nan ɗan farin maiƙon da ake gani a ƙarƙashin murfin zuba mai ba kullum ne gasket ba. Motar da ba ta doguwar tafiya takan tara shi lokacin sanyi ko damina. A motocin da ke da na'urar sanyaya mai kuma, ita kanta tana iya ɓulewa ta haɗa mai da ruwa alhali gasket na nan garau. A shinshina man ma. Idan yana ƙauri, ya dahu. Idan an juye shi a tasa aka kai rana aka ga yana ƙyalƙyali da garin ƙarfe, maganar ta wuce ta gasket, ta kai ga ƙasan inji.

Daga nan a koma lagireto, inji na sanyi ƙalau. A buɗe murfi, a cika ruwa har wuya, a tada mota a zuba ido. 'Yan kumfa da za su taso su daina, iska ce da ta maƙale lokacin da aka zuba ruwa. Kumfar da ke ta ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa, tana ƙaruwa idan an taka totur, ko ruwan ya yi tsalle waje, wannan hayaƙin silinda ne ke shiga hanyar ruwa. Wata hanyar kuma, a rufe murfi a tada mota, a matsa tiyon sama da hannu. Idan cikin minti ɗaya ya yi tauri kamar tayar keke alhali ruwa bai ko yi ɗumi ba, ba zafi ne ya hura shi ba.

A leƙa salansa. Farin tururi da sassafe a lokacin hunturu ba komai ba ne, yana ɗaukewa idan inji ya yi ɗumi. Wanda ya ƙi ɗaukewa, mai kauri, ruwa ne ake ƙonawa, kuma idan ruwa mai launi ne a motar za a ji zaƙi-zaƙinsa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuwa mai ne, ko dai zobban fistin sun saki, ko robobin da ke wuyan bawul sun ƙone sun bushe.

Ni tawa motar ba ta nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a makon farko. Sai a kwana na goma na lura idan na tashe ta da asuba takan yi rawa na 'yan daƙiƙoƙi kamar silinda ɗaya ba ta ci, sannan ta daidaita. Ruwan robar ajiya kuma yana raguwa kaɗan-kaɗan, ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Na kai ta wurin wani dattijon bakanike a Kano, ya ce in bar ta ta kwana. Da safe ya sa yaronsa ya kwance fulogi huɗun, ya jera su a kan tsumma bisa tsarin da suka fito. Uku bakinsu ruwan ƙasa-ƙasa, yadda fulogin da ya yi aiki yake. Na ukun a jeri kuwa fari sol, kamar yanzu aka ciro shi daga kwali. Ya ɗaga shi ya nuna mini.

"Malam, ka ga wannan? Ba sabo ba ne, wanka ya sha. Ruwa na sauka masa da dare, da safe tururi ya wanke shi."

Abin da ke faruwa shi ne, idan an kashe mota matsin ruwa yana nan, na silinda kuwa ya tafi, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa ciki cikin dare. Idan ya yi yawa har ya cika silinda, akwai haɗari babba, domin ruwa ba ya matsuwa. Duk wanda ya murɗa makulli bayan tafasa ya ji inji ya ɗan juya ya cije, to ya tsaya, kada ya sake, kada kuma ya ce a tura. A cire fulogi duka a juya inji, ruwan zai feso ta rami. Dagewa a nan ita ke lanƙwasa hannun fistin, gyaran da da gasket ne ya koma na sauke inji.

Dattijon bai kwance tof ba a ranar, duk da fulogin ya riga ya yi magana. Ya ɗauko wani famfo na hannu mai agogo, ya ɗaura a wuyan lagireto, ya hura har lambar da ke kan murfi, muka zauna a benci. Cikin minti goma sha biyar allurar ta sauko kaɗan, waje kuma ko'ina a bushe. Ruwan da ke ɓacewa ba a ganinsa a waje, ciki yake tafiya. Akwai kuma wani gwajin da na so a ce kowane gareji yana da kayansa: kwalba ce mai shuɗin ruwa da ake ɗorawa a wuyan lagireto a zuƙo iskar da ke sama da ruwan. Idan da hayaƙin inji a ciki, shuɗin ya koma ruwan ɗorawa a motar fetur, ko kore-kore a ta dizal. Yana da saurin ba da amsa, amma ƙaramar ɓula da ba ta buɗewa sai inji ya yi zafi sosai tana iya kuɓuce masa, don haka idan ya ce babu, a haɗa da sauran shaidu.

Sannan ya auna ƙarfin matsin kowace silinda. A wannan gwajin ba girman lambar ne ya fi muhimmanci ba, daidaitonsu ne. Bai kamata bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 ba. Idan silinda biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Idan ɗaya ce ta faɗi, sai a ɗiga mata ɗan baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In lambar ta tashi, zobba ne ko bangon silinda, domin man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, matsalar a sama take, bawul ko gasket. Wannan ɗan cokalin man shi ne ke gaya wa mai mota ko aikin sama kaɗai zai yi ko har da ƙasa, tun kafin a kwance noti ɗaya. Na ga mutanen da suka biya kuɗin gasket da goge tof, aka haɗa, mota ta fito tana hayaƙi tana shan mai, don ba wanda ya tambayi lafiyar zobba. Masu injin hura iska suna da gwajin da ya fi wannan, inda ake cika silinda da iska a saurari ta inda take fita: ta salansa, ta wajen shigar iska, ta ramin zuba mai, ko ta taso kumfa a lagireto.

Idan shaidu sun taru aka buɗe, nan ne ake yin sakacin da ke dawo da mota gareji bayan wata biyu. Canza gasket kaɗai ba gyara ba ne idan kan injin ya gantsare. Ana wanke fuskarsa tas, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe na awo a tsaye, a kwance, da kuma kusurwa zuwa kusurwa, a riƙa gwada zura siraran ƙarafan awon giɓi a ƙarƙashi. A injina da yawa na Toyota, iyakar da kamfanin ya yarda da ita milimita 0.05 ce, wato kamar rabin kaurin takardar rubutu. Ido ba ya ganin wannan, tafin hannu ba ya jinsa. Na tsaya a kan dattijon nan yana zura na 0.10 a tsakiyar kan injina, ya shige ba tare da ya taɓa komai ba. A auna fuskar gangar jikin ma, musamman a injinan da duk alminiyam ne kamar na Corolla da Camry da Accord na shekarun baya-bayan nan. A duba tsaga tsakanin mazaunin bawul biyu da kewayen ramin fulogi, in da hali a kai inda ake gwada shi da matsi. A bi bangon silinda da farce. Idan farce ya maƙale a wani zane, fistin ya kumbura ya kankare shi.

Goge fuskar tof a inji yake so, wurin masu aikin, ba da sanfefa a kan dakali ba. Kuma yana da iyaka, domin duk abin da aka kankare yana ƙara matsin silinda, kan da aka taɓa gogewa sau biyu wataƙila ba shi da sauran abin bayarwa. Wanda ya gasu ƙwarai ma alminiyam ɗinsa yakan yi laushi, ko an daidaita shi ba zai riƙe ba. Masu Camry ta 2002 zuwa 2006 mai injin 2AZ-FE su sa a duba zaren ramukan notunan tof da ke jikin gangar, don an san wannan injin da zamewar zare a wurin, kuma zafi na ƙara tsananta abin. Notunan kansu a injina da yawa irin masu miƙewa ne idan an ɗaure, sai an auna su ko a sa sababbi. A ɗaure su da sufana mai awo, daga tsakiya zuwa waje, bisa ƙa'idar kamfani. Shafa gam a gasket, ko haɗa biyu don a cike giɓi, ɗaga ranar wahala ne kawai.

Ruwa ba ya tsami banza. Ko da duk gwaje-gwajen sun fito lafiya, sai an gano abin da ya sa injin ya tafasa tun farko, kuma a nan ina da ƙorafi a kan wata al'ada tamu. Mota na shigowa ƙasar nan, abin da ake fara yi shi ne a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Tamostat ba don ƙasashen ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. Shi ke sa inji ya kai zafin aikinsa da wuri ya tsaya a nan, kuma a wasu injina shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji bai ratsa lagireto ba. Gwada shi ba wuya: a jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, ya kamata ya fara buɗewa a lambar da aka buga a jikinsa, wadda a Toyota da yawa 82 ce. Wanda ya riga ya sha tafasa dai gara a canza shi, tare da murfin lagireto. Sai ruwan rijiya da na burtsatse da muke ɗurawa, wanda ke barin farin gishiri yana toshe siraran hanyoyin lagireto, yana kuma sa tsatsa ta cinye fukafukan famfon ruwa. Sai ƙurar hunturu da ledoji da ke cushewa tsakanin lagireto da na'urar sanyaya ɗaki da ke gabansa, inda ba a gani sai an leƙa da tocila. Masu giya mai sarrafa kanta su duba man giyar, don a motoci da yawa ta cikin lagireto yake bi ya huce. Man yakan dahu tare da injin, ko ya gauraya da ruwa idan bututun ya ɓule.

Wani lokaci lissafi yakan nuna sayen wani injin ya fi gyara sauƙi, musamman idan an samu tsaga a gangar jiki ko garin ƙarfe a mai. Wanda zai nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Ladipo neman inji ɗan Beljiyam, wato na hannu, ya tuna cewa shi ma wancan injin yana da tarihin da ba wanda zai ba shi labari. A cire fulogoginsa a duba, a leƙa hanyoyin ruwansa, a yi yarjejeniyar gwaji kafin a biya duka. Kada kuma a ɗora shi a bayan toshasshen lagireton da ya kashe na farko.

Tawa dai an goge kan, an sa sabon gasket da notuna, an juye mai da matatarsa, an mayar da tamostat ɗin da wani ya cire tun kafin in saye ta. Ranar da zan ɗauka, dattijon ya sa yaronsa ya kawo alƙalamin maka, ya ja layi a jikin robar ajiyar ruwa daidai inda ruwan ya tsaya.

"Kullum da safe kafin ka tashe ta, ka duba wannan layin, har sati uku. In ya sauka ko da faɗin yatsa ne, kada ka ƙara ruwa. Ka kawo mini ita a yadda take."